Bas ɗin Sahabi Mai Fenti

A shekarun farko na Jihar Kebbi, in ka tsaya bakin titin Jega kana kallon manyan motocin albasa suna nishi za su kudu, da wuya uku su wuce ba ka ga hannun Sahabi a jikin ɗaya ba. Shi ke zana zaki a bayan bodi, irin zakin da kowa ya gani sai ya ce ya yi kama da wani kawunsa. Shi ke rubuta addu'a a goshin mota ya kewaye ta da furanni. Dogon mutum ne marar yawan magana, kullum da ɗigon shuɗin fenti a gemu. Muryarsa ƙasa-ƙasa take, sai ka matso sosai kafin ka tsinci abin da ya ce.

Ɗan ƙauyen Gehuru ne, gidan manoma gero tun kaka da kakanni. Da ya tasa sai ya shiga bin motocin albasa daga Aliero zuwa Aba, yana rakiyar kaya. A can akan yi kwana da kwanaki kafin kaya su ƙare, mutum ba shi da aiki sai kwanciya a kan buhu yana korar ƙuda. To, bayan rumfar da suke sauka akwai wani ɗaki da wasu samari ke taruwa da yamma suna gwajin kiɗa. Mai ƙaho na yi, mai waƙa na yi, duk ba su dame shi ba. Sauti guda ne ya hana shi sakat, wanda ba ta kunne yake shiga ba, ta buhun da yake kwance a kai yake hawowa ya zauna masa a haƙarƙari. Dum. Dum-dum. Rana ta uku ya kasa haƙuri ya leƙa. Sai ya ga wani siririn mutum can baya kusa da bango, rataye da jita mai dogon wuya, wayoyinta huɗu kacal, masu kauri. Shi ke ɗauke da kiɗan gaba ɗaya, kuma ba mai kallonsa. Sahabi ya ce a ransa, yauwa, ga aikin da ya dace da ni.

Shekara uku, duk lokacin albasa, mutumin yana nuna masa inda ake ɗora yatsa. Shi kuma ya zana musu allon ƙungiyarsu, a nan ma aka fara gane yana da hannun fenti. Da mutumin ya sami sabuwa, sai ya ba shi tsohuwar a matsayin tukuici. Cikin buhun albasa ta iso Jega, kuma har ta tsufa a hannunsa, in rana ta yi zafi, warin yakan taso.

Mai ita bes yake kiranta. Amma a kanta, can wajen maɗaurin wayoyi, an rubuta baƙaƙe huɗu: B, A, S, S. Sahabi kuwa mai rubutun jikin mota ne, ya fi yarda da abin da aka rubuta a kan abin da baki ya faɗa. A ce A, a karanta ta E? Ba da shi ba. Ya ce sunanta bas, S ɗin na biyu kuma ɓarnar fenti ce kawai.

Bai taɓa fita da ita ba. A ƙasarsu kiɗa yana da gidajensa, gado ne kamar ƙira da fawa, kuma ɗan manomi ba ya rataya abin kiɗa sai in yana so tsofaffinsa su daina zama ƙofar gida. Don haka bas ta zauna a ɗakin ajiyar gwangwanayen fenti, bayan gidansa, mutum biyu ne kawai suka san da ita: matarsa Barakatu, da taubashinsa Ɗantani, dillalin albasa mai wata tsohuwar a-kori-kura, wanda Allah bai halicci abin da zai iya riƙewa a ciki ba sai tuwo.

Ita irin wannan jita ba ta da murya sai an haɗa ta da akwatin lasifika, shi kuwa ba shi da shi. Ya taɓa gwada ta da rediyon Barakatu mai cin kaset. Rediyon ya yi tari ɗaya, tun daga ranar kuma duk mai karanta labarai da mura yake karantawa. Sai ya gano dabara: in ya jingina kan bas da wani duro marar komai, duron yakan ɗauki sautin ya yi ta gurnani a hankali, daidai jin mutum ɗaya. Lokacin gwajinsa kuwa ba agogo ke faɗa masa ba, turmi ne. Da Barakatu ta fara daka bayan azahar zai ajiye buroshi ya shige ɗakin, taɓarya na sauka yana bin ta. In maƙwabciya ta shigo aka yi lugude, ranar sallarsa ke nan. Wani lokaci sai ka ji murya ta taga:

"Barakatu, ɗan rage sauri."

"Malam, tuwo nika yi ko biki?"

"Kaɗan dai. Kin tsere mani."

Kiɗa huɗu ya iya, su yake maimaitawa shekara da shekaru, kuma kullum yana cewa na ukun bai zauna ba tukuna. In wayoyin suka dushe da gumi da datti, yakan kwance su ya tafasa a tukunya, don mai ita ya ce haka ke dawo da muryarsu. Ran da Barakatu ta buɗe tukunyar miyarta ta tarar da su a nannaɗe suna tafarfasa, sai ta tsame su. Ta dai kawo masa su a akushi da rana, da ɗan yaji a gefe.

Sai kuma maganar fenti. Ja ce ta zo, duk ƙwarzane. Mai fenti kuwa ba ya iya kallon ƙwarzane ya yi barci, ga ragowar fentin mota kullum a gindin gwangwani. Ya mayar da ita kore. Shekarar da aka ba da jiha ya yi mata fari da kore, har da ɗan zaki. Daga baya ya bi ta da shuɗi, ya ƙara furanni. Kafin a ankara ta yi nauyi kamar turmi, wuyanta na kama hannu in an yi zafi, gurnaninta ma ya koma kamar na mai magana cikin bargo. A bazarar da wannan labari ya faru ya yanke shawara zai kankare ta tas har sai ya ga katako. Ya kwance wayoyi, ya cire ƙarafa ya zuba a kwano, ya sami fasasshiyar kwalba da samfefa, ya kulle kansa. Sati biyu ba a gan shi ko'ina ba sai masallaci.

Cikin sati biyun nan ne surukinsa ya shigo kasuwar Jega. Malam Alu na Maiyama, mahaifin Barakatu, dattijo ne da aka sani da abu ɗaya: in ya faɗi magana a ƙofar masallaci, to ta zauna. Ya gamu da Ɗantani a rumfar albasa, ya tambaye shi ko lafiya, kwana biyu Sahabi bai zo gaisuwa ba. Ɗantani ya gyara hula, ya yi fuskar mutanen kirki.

"Lahiya lau, Baba. Shina can ya rufe kainai, bas ɗinshi yaka kankara, zai sake mata fenti."

Ko kalma ɗaya bai yi ƙarya ba. Da wannan ya yi ta kare kansa har tsufansa.

Bayan kwana uku ya shigo gidan Sahabi yana dariya tun daga zaure, har da riƙe bango.

"Ina bawana? Hito, hito, direba! Saƙo na kawo maka daga Maiyama."

Sahabi ya fito da ƙurar fenti kala huɗu a gira. "Wane bawan? Ni da kai an san mai igiya. Mi ya faru?"

"Baba Alu yac ce a gaishe ka, kuma Allah shi sa albarka ga abin da anka samu. Yac ce bikin Naziru saura kwana tara, to ba sai an nemi mota ba. Bas ɗinka za ta ɗauko amarya daga Aliero."

Naziru shi ne autan Malam Alu, ƙanen Barakatu. Sahabi ya tsaya da kwalba a hannu.

"Wace bas?"

"Guda nawa gare ka?"

"Ɗantani, mi kac ce ma tsohon nan?"

"Gaskiya tsantsa. Kuma ya riga ya hwaɗi ƙofar masallaci. Har an raba kujeru, gaba ta gwaggon ango ce."

Barakatu na bakin murhu, ta ji komai. Ta ajiye muciya. Ɗantani ya ce, "Matarmu, sannu da aiki," ta ce ya bari sai ta nemo taɓarya su gaisa da kyau, ya fice yana tuntsira dariya.

Sahabi ya zauna a kan gwangwani ya yi lissafin abin da ke gabansa. In ya yi shiru, ranar biki mutanen Maiyama za su tsaya bakin hanya suna jiran motar da babu ita, dattijon da bai taɓa faɗin abu ya tashi ba ya zama abin nuni, kuma ta dalilinsa. In ya yi magana, sai ya dubi surukinsa ya ce masa mijin 'yarka kiɗa yake yi a ɓoye. Shi da ko ruwa bai taɓa sha a gaban mutumin nan ba.

Ya ce a hankali, "Ko in roƙi wani direba shi ara mani tashi, kwana guda..."

Barakatu ta ce, "Bayan biki hwa? Suna na zuwa. Asibiti na zuwa. Kullum aro za ka yi, kana rubuta sunanka da safe kana gogewa da marece? Ni dai ba za a bar tsohona shina alkawari da iska ba. Ka tahi ka hwaɗa mashi."

"Ke ɗiyarshi ce, bakinki ya fi..."

"Ni nas sa mata suna?"

Washegari bayan azahar ya shiga ɗakinsa ya kasa kunne, ko da yake bas ɗin a kwance take ba waya, sabo ne kawai. Shiru. Ya leƙo. Turmi a kife. Barakatu ta kai gero inji, kuma ta ce can za ta yi ta kaiwa har sai ya je Maiyama.

Ya je. Ya sa babbar riga, ya tsara maganarsa tun daga tasha, ya maimaita ta a mota har na kusa da shi ya ɗauka wuridi yake. Amma da ya cire takalmi ya durƙusa a zauren Malam Alu, sai ya tarar da dattawa uku zaune, duk suka washe baki suna masa barka. Ya sunkuyar da kai. Malam Alu ba ya kiran sunansa, Mutanen Jega yake ce masa.

"Mutanen Jega, ashe abin arziki ya samu, shi ne ba a hwaɗi ba? An ce tsohuwa ce?"

"Tsohuwa ce, Baba. Ta hannu."

"Ba komi. Daga ina?"

"Aba."

"Can ake samun na ƙwarai," in ji wani dattijo, sauran suka gyaɗa kai.

"Tana da ƙara?"

"Ba ta da ƙara, Baba. Sai ka matso kusa za ka ji ta."

"Madalla! Lahiyayya ke nan. Shan mai hwa?"

Sahabi ya tuna man kaɗen da yake goga wa wuyanta. "Kaɗan, Baba. Shafa mata ake yi."

Dattawa suka dubi juna cikin gamsuwa. Malam Alu ya ce, "To, mutum nawa take ɗauka?"

Ga ƙofa ta buɗe. Sahabi ya tattaro duk ƙarfin da Allah ya ba shi, muryarsa ta fito kamar daga cikin rijiya.

"Baba, ita dai... ba ta ɗaukar kowa. Ita ake ɗauka."

Sai Malam Alu ya fashe da dariya har yana dukan gwiwa.

"Kowace tsohuwar mota haka take, sai an tura! Kada ka damu, muna da samari."

Aka kawo fura, bai sha ba. Aka yi addu'a Allah ya tsare hanya, ya shafa. Ya dawo Jega da maganarsa a cikinsa yadda ya tafi da ita, ya ƙara da saƙon wani dattijo da ke son a kai shi asibitin Birnin Kebbi bayan biki.

Kwana biyu ya yi yana kankara kamar mai huce haushi. Shuɗi ya tafi, zaki ya tafi, kore da ja suka bi. Katakon ya fito fari sol kamar ɓararren rogo, da wasu jijiyoyi masu kyau da bai taɓa sanin suna nan ba. Ya fito da ita tsakar gida don ya gani a haske, daidai Barakatu na kwaɓa lallen biki. Ya tsaya yana ba ta haƙuri kan maganar turmi, tana juya lalle ba ta ko dube shi ba, sai wani ɗan ɗigo ya fantsama a jikin katakon. Da ya goge bayan an jima, wurin ya yi wani ja-ja mai duhu, jijiyoyin suka fito raɗau. Shekara goma sha wani abu yana fenti, bai taɓa haɗa kala irin wannan ba. Da ta gama ya kwashe ragowar, ya shafe bas ɗin tun daga gindi har kafaɗa, ya naɗe ta da ganye da tsumma yadda mata ke yi wa ƙafa, ya kwantar da ita a tabarma.

Tana nan kwance, da hantsi, saura kwana huɗu biki, aka yi sallama. Malam Alu ne da kansa, da sandarsa, Ɗantani na biye da shi yana kallon sama kamar mai neman wata. Dattijon ya ce ya shigo sayen goron biki ne, ya ga bai kamata ya koma bai sa wa mota albarka ba. Ya duba ƙofar gida bai ga ko sawun taya ba, ko a gareji take?

Barakatu ta gaida mahaifinta ta shige ɗaki, ta bar ƙofa a buɗe yadda za ta ji da kyau.

Sahabi ya durƙusa. Ya gaida surukinsa. Sai ya tashi, ya yi gaba, dattijon ya bi shi har ɗakin fenti. Ya nuna tabarma.

"Ga ta, Baba."

Malam Alu ya daɗe yana kallon abin da ke naɗe cikin tsumma. Ya sa sanda ya ɗaga gefe.

"Wannan mi ne?"

"Bas ɗin ke nan."

"Lalle nika gani?"

"Lalle ne, Baba."

"Wato ita ma bikin za ta."

Daga bakin ƙofa wani sauti ya kuɓuce wa Ɗantani, ya mayar da shi tari. Sahabi ya warware tsumman, ya goge kan, ya nuna baƙaƙen nan huɗu da bai taɓa shafe su ba duk fentin da ya yi. Sannan, kansa a ƙasa, ya faɗi komai: Aba, buhun albasa, duro, turmi. Bai taɓa yin magana mai tsawon haka a gaban surukinsa ba. Dattijon ya zauna a kan wani gwangwani yana saurare, hannu biyu a kan sanda.

"Roƙo kake yi da ita?"

"A'a, Baba."

"An taɓa yi maka liƙi?"

"Ko sau ɗaya."

"To wa kake ma kiɗan?"

Sahabi ya dubi kusurwar ɗaki. "Duro."

Gemun Malam Alu ya ɗan motsa. Ya juya ya kalli bango har abin ya wuce masa. Da ya juyo fuskarsa ta koma ta ƙofar masallaci.

"Mutanen Jega, ni na hwaɗa ma jama'a bas ɗin surukina za ta zo ran biki. Shekara saba'in ban hwaɗi abu wurin nan ya tashi ba, ba kuma zan fara bana ba. Za ta zo. Kai za ka kawo ta, da rana tsaka, kowa shi gani."

"Baba, gaban mutane..."

"Ni ma gaban mutane niy yi tawa." Ya nuna Ɗantani da sanda ba tare da ya dube shi ba. "Amarya kuwa, wanda yas sayar mani da bas shi zai ɗauko ta. Da ita, da gwaggonninta, da jerenta. Ko sawu nawa ne."

"Baba, ai ni gaskiya nih hwaɗi."

"Na sani. Ladarta ce anka ba ka."

Kwana ukun da suka rage, Sahabi ya wanke lallen, ya bar katakon ya sha iska a inuwa, ya bi shi da man kaɗe yana murzawa da tsohon rawani har ya ɗauki sheƙi. Ya mayar da ƙarafa, ya tafasa wayoyi, wannan karon a gwangwaninsa. Da ya taɓa ta farko, duron ya amsa da wata murya sakakkiya da ya manta tana da ita. Ya so ya yi murna, tsoro bai bar shi ba.

Ranar biki mutanen Maiyama suka cika bakin hanya. Sawu uku a-kori-kurar Ɗantani ta yi tsakanin Aliero da Maiyama, tana hayaƙi, mata na guɗa a baya, gwaggon ango a gaba tana yi masa faɗa kan ramuka. Kowane sawu jama'a su leƙa bayanta ko bas na tafe. A na ƙarshe Sahabi ya sauko da wani dogon abu naɗe cikin zane, ya taka kamar mai zuwa karɓar hukunci, ya durƙusa gaban surukinsa ya warware.

Malam Alu ya ɗaga murya. "Jama'a, ga bas ta iso."

Wurin ya kaure da hayaniya. Dattijon nan mai son zuwa asibiti ya matso yana dogara sanda.

"Alu, wannan ce motar?"

"Wa yac ce mota? Ni nac ce mota? Ku tuna da kyau. Bas nic ce. Wanda ya iya boko shi zo shi karanta."

Aka turo wani malamin firamare, ya duƙa ya duba, ya ce lallai abin da aka rubuta ke nan, har ma da ƙari.

Mai son zuwa asibitin ya ce, "Kai hwa kac ce za a kai ni Birnin Kebbi cikinta!"

"Kai kac ce, ni dai na ce Allah shi kai mu. Zauna ka ji ta, wataƙila ka warke."

Ya faɗi haka yana shafa gemu, kamar wanda ya shirya wa garin wannan tun farko ya zuba ido yana jiran su faɗa. Waɗanda suka fi kowa rabon kujeru su suka fi kowa dariya, kowa na nuna ɗan'uwansa. Kafin la'asar rabin Maiyama sun rantse su dama sun gane.

Amma sai aka ce a kaɗa. Sahabi ya rataya ta, ya juya wa jama'a kafaɗa, ya rufe ido. Yatsunsa suka fara tafiya. Mutane suka yi ta yi wa juna shiit, masu kalangun da aka gayyato suka dafe fatunsu, har awaki aka kora. Ana ganin yatsu na motsi, ana ganin kansa na gyaɗawa. Can wata tsohuwa ta ce:

"Ya fara?"

Barakatu daga cikin mata ta ce, "Inna, ya kusa gamawa. Na ukun ne wannan."

Babban makaɗin garin, wani mai suna Gudiya, ya taso da kalangunsa a hammata. Ya kewaya Sahabi, ya duƙa ya kara kunne a jikin katakon, ya daɗe a haka. Ƙafarsa ta ɗan fara bugun ƙasa, ya lura, ya tsayar da ita. Ya miƙe ya fuskanci jama'a.

"Ni Gudiya, gado na yi, ubana ma gado yay yi. Abin da ba a ji daga taki uku ba kiɗa ba ne. Wanga bawan Allah ba makaɗi ba ne, ku bar shi cikin manoma." Ya rage murya, ya ce wa Sahabi, "Amma hannunka na hagu, wa ya koya maka?"

Da wannan hukunci aka tashi. Ba wanda ya daina zama ƙofar gida a Gehuru, maganar Malam Alu kuma ta ci gaba da zama inda ya ajiye ta. Da Sahabi ya je sallama, dattijon bai ɗago ba, yana ɓare goro ya ce lallen ya kama da kyau, a gaida mutanen Jega.

Tun daga ranar ba wanda ya ƙara kiransa Sahabi Mai Fenti, sai Direba. Tun yana sunkuyar da kai har ya fara amsawa. Da yake ba sauran abin ɓoyewa, ya mirgino duronsa ƙofar shago, ya sa dogon benci a jikinsa, don ya lura duk wanda ya zauna a bencin yana jin kiɗan ta ƙashin baya. Mutum huɗu yake ɗauka, biyar in akwai siriri. Direbobin da ke jiran fenti ya bushe su ne fasinjojinsa, da masu dawowa daga kasuwa, wani lokaci har da Gudiya in ya shigo Jega, wai hutawa kawai yake yi. In mutum ya zo wucewa ya tsaya ya ce, "Direba, akwai wuri?" Sahabi ba ya ɗagowa daga wayoyinsa. Sai ya nuna ƙarshen benci da haɓa, ya ce a ƙasa-ƙasa:

"Ku matsa mashi. Saura mutum ɗaya mu tashi."